Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙaramin Majigi da Rigimarsa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo yawancinsu kan majigi ne, ƙaramin nan da ake sawa a jaka a tafi da shi, wanda yanzu ya cika shagunan kayan wuta a babbar kasuwar Maradi, wasu ta Kano suke shigowa wasu daga Dubai da Sin. Na tsinci waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau, wataƙila tana cikin ta wani.

Tambaya: Salam Malam, ina wuni, ya aiki. Ni matashi ne daga unguwar Zariya, na sayi majigi jaka 35 don mu riƙa kallon balo da abokai a ƙofar gida. A jikin kwali an rubuta 9000 lumens da 1080P, amma wallahi in wasan ƙarfe 4 na marece ne ba mu ganin komi sai inuwa inuwa, ko da dare ma in na ja shi baya don hoto ya yi girma sai ya dushe, lambar rigar ɗan wasa ma ba ta karantuwa. An cuce ni ne ko ni ne ban iya saitawa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Duka biyun akwai, amma bari in fara da abin da ko majigin miliyan ka saya ba zai canza ba. Majigi haske kawai yake jefawa, ba ya iya jefa baƙi. Duk inda ka ga baƙi a cikin hoton, gashin ɗan wasa ne ko rigar alƙalin wasa, to bangonka ne kake gani a yadda yake, wato wurin da na'urar ta hana haske sauka. To da la'asar bangon nan fari tas yake, kenan baƙin hotonka ya koma fari, hoto kuwa in babu baƙi ba ya fita. Shi ya sa tele take aiki a rumfa da rana tsaka amma majigi sai ya ba ka kunya. Wannan magana ina so kowa ya riƙe ta tun kafin ya fidda kuɗinsa, duhu shi ne rabin majigi.

Sai maganar 9000 lumens ɗin nan, wato ma'aunin ƙarfin haske. Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda ka ga an rubuta ANSI a kusa da ita, don ita ana auna hasken da ya sauka kan allo ne a wurare 9 sannan a ɗauki matsakaici. Majigin ofis irin na Epson ko BenQ da ake taro da shi yakan kai ANSI 3000 ko fiye, ga nauyi, ga cin wuta wajen wat 300. To naka da ke cin wat 50 ko 60 ta ina zai fidda ninki uku na wancan? Irinsa yawanci haskensa na gaskiya tsakanin ANSI 100 ne zuwa 300, sauran duk talla ce ta jikin kwali. Kuma ba lallai mai shagon ne ya cuce ka da gangan ba, shi ma sau da yawa abin da ya gani a kwali shi yake karanta maka.

Haka 1080P ɗin. Juya kwalin ka nemi kalmar native, lambar da ke gabanta ita ce ainihin ƙarfin hotonsa. Da yawa 800x480 ne ko 1280x720, 1080 ɗin kuwa nufinsu in ka ba shi bidiyo mai wannan ƙarfin zai karɓa ya rage shi ya nuna. Shi ya sa lambar riga take narkewa.

Ja da baya da kake yi kuma shi ke ƙarasa kashe hoton. In ka ninka nisan, faɗi ya ninka tsawo ya ninka, filin hoton ya zama ninki 4 alhali hasken bai ƙaru ba, kamar ludayin miya ɗaya ne ka raba wa malmalar tuwo huɗu. Don haka ka matso da shi, faɗin hoton kar ya wuce mita 1 da rabi, ku shiga zaure ko shago ku ja ƙofa ku toshe taga da bargo, ku kashe ampul ɗin da ke kusa da bango. Wasannin Champions League da ake bugawa ƙarfe 8 ko 9 na dare agogonmu za ku ji daɗinsu har a waje in unguwa ba fitilu da yawa. Na marece kam gaskiya ku haƙura ku koma tele, kar ka wahalar da kanka.

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Ni malamin lakkol ne a Tibiri, an kawo mana majigi babba mai ampul, an ce ni zan riƙa kula da shi. In na haɗa da ordinater sai ya rubuta pas de signal, ranar da ya yi sa'a ya nuna kuma hoton sama faɗi ƙasa tsuke, ga shi ba sauti. Don Allah a yi mini bayani dalla dalla.

Amsa: Malam barka kadai, Allah ya ba da ladan koyarwa. Mu bi shi daga farko. Ka ɗora shi kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, idonsa ya kalli tsakiyar bango kai tsaye, ba daga gefe ba. In kana son hoto mai inci 100, wato faɗin mita 2 da santimita 21, yawancin majigin aji sai ka ba shi nisan mita 3 ko kusa da haka, ka ɗan matsa gaba ko baya har ya cika wurin da kake so. Abin da ke sa sama ta yi faɗi ƙasa ta tsuke shi ne ka ɗaga hancinsa sama da yawa, ko da ƙafarsa ta gaba ko da littattafai. Akwai maɓallin gyara wannan, keystone a Turanci, trapèze in menu ɗin Faransanci ne, amma shawarata ka fara ɗaga teburin gaba ɗaya ko ka sa shi kan wani abu mai tsawo ya zauna daidai, don gyaran maɓalli matse hoton yake yi, rubutu ya ɗan rage kyau. Sannan ka buɗe shafi mai rubutu ka murɗa zoben da ke bakin gilashin a hankali har haruffa su fito tsaf. Da rubutu ake saita shi, ba da fuskar mutum ba.

Pas de signal kuma abu biyu ne kusan kullum. Na farko majigin yana sauraren wata ƙofa daban, ka danna source a telekomand ka zaɓi wadda ka cusa waya a ciki, HDMI ko VGA. Na biyu ordinater ɗin bai san ana son ya aika hoto waje ba, ka danna maɓallin Windows tare da harafin P ka zaɓi dupliquer. In duk ka yi bai zo ba ka canza waya, wayoyin HDMI masu arha suna karyewa daga ciki ba ka gani. Rashin sauti kuwa ina kyautata zaton wayar VGA kake amfani da ita, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, ita hoto kaɗai take ɗauka. Ko ka koma HDMI, ko ka ja wayar sauti daga ramin kunne na ordinater zuwa bafil, wanda ma ya fi, don lasifikar cikin majigi ba ta cika aji mai yara da yawa.

Yanzu abin da ya fi damuna da naka, ampul. Irin wannan ƙwan yana zafi ƙwarai, rayuwarsa awa dubu 3 ne zuwa 6 a yawanci, kuma tsada gare shi, samunsa a nan ma aiki ne. In ka gama ka kashe da maɓalli, ka bar fankarsa ta yi ta juyawa har ta tsaya da kanta sannan ka zare waya. Kar ka yi ta kunnawa kana kashewa tsakanin darasi da darasi, kuma ka sa shi a eco, wato yanayin rage haske da cin wuta, in ɗakin da duhu. In lakkol za ta iya, a saya masa ondiler ko ƙarami ne, don in kuran ya ɗauke ka samu mintunan da za ka kashe shi yadda ya kamata. Ƙwan akwai sinadarin merkuri a ciki, in ya fashe a fidda yara a buɗe tagogi iska ta shiga. Kuma ka ja musu kunne kar su leƙa cikin idonsa yana kunne, yara suna son wannan wasan sosai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga Ali Ɗan Sofo, maigidana ya kawo ma yara majigi, ina so in riƙa sa musu karatun Alƙur'ani da katun daga salulata Tecno. Na sayi waya mai kai biyu, ɗaya na salula ɗaya HDMI, ba ta yi ba. Ko wayar ce jabu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ya yara. Wataƙila wayar lafiyarta ƙalau. Ba kowace salula ce ke fidda hoto ta ramin caji ba, ko da ramin USB-C ne, kuma yawancin masu sauƙin kuɗi irin Tecno da Itel da Infinix ba su yi. Ki duba menu na majigin ko akwai Miracast ko screen mirroring, wato aika hoton salula ba tare da waya ba, in akwai ki buɗe shi, sannan a salula ki jawo saman allo ƙasa ki nemi cast ko diffusion, sunan majigin zai fito ki taɓa. Amma ki sani in daga YouTube ne megan ki ne ke tafiya, kuma duk saƙon da ya shigo miki a WhatsApp zai iya fitowa a bango kowa ya gani, to ki kashe sanarwa tukun. Netflix da irinsa kuma sukan ba da baƙin allo ta wannan hanyar, kariya ce suka sa, ba lalacewa ba ce.

Ni dai ga yara abin da na fi so shi ne kile USB. A zuba miki abin da kika zaɓa da kanki, ki cusa a majigi, salularki tana hannunki, kuma kin san abin da suke kallo. In kile ɗin FAT32 ne ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, sai mai turawa ya rage shi. In kuma hoto ya fito ba murya, sautin Dolby ne wanda ƙananan majigi da yawa ba su karantawa, ki ce a juya miki shi zuwa MP4 na yau da kullum.

Tambaya: Malam nawa shina kashe kanshi bayan kamar rabin awa, kuma wani tabo ruwan ƙasa ya fito a tsakiyar hoto shina ƙara girma, na goge gilashi bai fita ba. Daga Dakoro.

Amsa: Ɗan uwa ka dakata da kunna shi daga yau har a duba. Zafi ne, kuma tabon ba a waje yake ba, a ciki ne. Ƙananan majigin nan akwai fitila mai ƙarfi a baya, a gabanta ɗan allon LCD da wata leda siririya manne da shi, fanka ce ke hura musu iska. In ƙura ta toshe hanyar iskar sai ledar ta fara ƙonewa daga tsakiya, rawaya tukun, sannan ruwan ƙasa, daga nan baƙi. Wanda ya ƙone ba ya gyaruwa da shafa, sai dai mai gyara ya canza ledar ko allon in ya samu irinsa. Kashe kansa da yake yi kuwa kariya ce, yana ceton ransa ne.

A ƙasarmu wannan ita ce cutar da ta fi kashe majigi. Masu ƙera shi galibi suna cewa kar zafin wuri ya wuce digiri 35 zuwa 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40, ga hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu da ke shiga ko'ina. To kar a ajiye shi kan katifa ko darduma ko tabarma a ƙasa, yana shaƙar rairayi kai tsaye. A ɗora shi kan tebur ko kujerar katako, a bar masa kamar kamu biyu ta kowane gefe, kar a jingina shi da bango. In yana da ɗan soso na tace ƙura a gefe ko a ƙasa, a zare a kakkaɓe duk sati lokacin hazo, in an wanke sai ya bushe sarai. Ramukan iska a share da buroshi mai laushi. Gilashin gaba da ƙyallen goge tabarau, ba da bakin riga ba, don ƙurarmu yashi ce tana karce shi. Da damina kuma in a waje ake kallo ƙwari suna taruwa kan hasken fanka ta zuƙe su, na ga an buɗe majigi an tarar da shinge da ƙananan ƙwari sun bushe jikin fankar har ta daina juyawa sosai. An gama kallo, ya huce, a mayar da shi jakarsa a zuge. Wanda zai sayi sabo kuma yana da hali ya nemi nau'in majigin da ake kira DLP, ba mai allon LCD ba, don cikinsa ya fi rufuwa, ƙura ba ta saurin kai wa ga hoton.

Tambaya: Gaisuwa Malam. Muna da ƙungiyar matasa a wani ƙauye bayan Madarunfa, ba mu da kuran. Muna so mu riƙa nuna wa'azi da bidiyon dabarun noma da na kiwon lafiya a dandali. Muna da pano da batir 12V 100Ah. Zai ɗauka?

Amsa: Madalla da wannan niyya ƴan uwa, Allah ya dafa muku. Zai ɗauka in kun zaɓi majigin da ya dace. Ga lissafin, 12 sau 100 ya ba da 1200, wato wutar da za ta ɗauki wat 1200 na awa ɗaya, amma batir mai ruwa ko na jel ba a so a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, kenan 600 kuke da shi. Majigi mai LED na wat 60 da bafil na wat 30, a ƙara abin da konbatiser ke ci, ku ce wat 110, zai kai ku awa 5 da ɗan wani abu. In kuwa mai ampul ne na wat 300 ko awa 2 ba za ku yi ba. Don haka LED za ku nema, ga shi fitilarsa ana ba ta awa dubu 20 zuwa sama, kuma ɗaukewar wuta ba ta cutar da ita kamar ampul. Ku karanta wat ɗin a jikin cajarsa ko a ƙasan na'urar, kar ku tsaya ga faɗar baki. Konbatiser kuma ku nemi mai pur sinus, mai arhan yana sa bafil ƙugi yana kuma gasa caja. Masu batir a ciki suna da daɗin ɗauka, sai dai awa 2 zuwa 3 suke yi kuma suna rage haske in ba a jone suke ba, ga taron dandali ba su isa.

Ranar da kuka ari gurup, ku tayar da shi ya daidaita tukun sannan ku jona, in an tashi kuma majigi ake fara kashewa. Ku kai shi nesa da ralonji mai kauri saboda ƙara, kuma ko da wasa kar a sa shi cikin ɗaki ko zaure a rufe, hayaƙinsa yana kashe mutane ba su sani ba. A dandali sauti ya fi hoto muhimmanci, tsoho da ke can baya in bai ga hoto sosai ba amma yana jin bayani zai zauna, in bai ji ba tashi zai yi. Ku haɗa bafil da waya, Bluetooth yakan sa baki ya riga murya. Ƙauye kuma yana da abin da birni ba shi da shi, duhu na gaske, sai dai ku lura da kwanakin farin wata, daga 12 zuwa 16 ga wata hoto zai ɗan dushe, ku juya allon ya ba wata baya.

Tambaya: Dole sai na sayi ekaran? Daga Tasawa.

Amsa: A'a. Bango mai sumul da farin fenti marar ƙyalli ya wadatar. In bangon laka ne ko bulo tsirara, a samu farin yadi mai kauri a ɗaure kusurwa huɗu a ja shi ya miƙe, a sa baƙin zane ko bargo a bayansa don haske kar ya zube ta baya. Shadda mai sheƙi ba ta yi, tana walƙiya a ido. In kuma yadin siriri ne za ka iya ajiye majigin a bayansa, ka shiga menu ka zaɓi nunawa ta baya don rubutu kar ya juye, da haka yara ba su gittawa su tare hoto, ba su kuma tuntuɓe da waya.

Tambaya: Baba ina shirin saye bayan na sayar da wake, me zan duba a shago don kar in yi kuka daga baya? Daga Gidan Rumji.

Amsa: Ɗana Allah ya sa albarka a cinikin. Ka je da kile ɗinka mai bidiyon da ka sani da kuma shafi mai ƙananan rubutu, ka ce a kunna wanda za a ba ka ɗin, ba na gwaji da ke kan kanta ba. Mai shagon da ya ƙi kunnawa ka yi masa sallama ka wuce gaba. A haska farin shafi zalla ka duba ko akwai tabo ko ɗigo, sannan ka saita tsakiya ka kalli kusurwoyi, masu arha da yawa in tsakiya ta fito gefe sai ya yi hazo, ka ga ko za ka iya zama da hakan. Ka bar shi ya yi minti 15 yana aiki kuna hira, ka saurari fanka, ka kai hannu wurin fitar iska, ɗumi ba laifi amma ba zafin da zai sa ka janye hannu ba. Ka gwada ramin HDMI da na USB da na sauti ɗaya bayan ɗaya, da telekomand. Ka duba cajar an rubuta 100 zuwa 240V, don wutarmu 220 ce, kuma in kan wayar mai ƙafa uku ne irin na Najeriya ka sayi adafta mai kyau a nan take, kar ka je gida kana cusa tsirarar waya a firiz. In na hannu ne mai ampul, ka shiga menu ka ga awa nawa ƙwan ya yi, ka tambayi kuɗin sabon ƙwai kafin ku yi ciniki. Kuma ku yi magana a gaban shaida kan kwana nawa za ka iya maido shi in ya ba da matsala, a rubuta maka a takardar saye.